Shanun Tekun da Ban Rubuta Ba

Duk sanda na zauna teburin mai shayi na bakin tasha a nan Sabon Birni, sai wani cikin samarinmu ya jawo benci ya ce, "Kawu Ilu, wai da gaske shekara tara ka yi ana biyanka kana kallon ruwa?" Sauran su kwashe da dariya. Wani ya ce a nema mishi irin wanga aiki, shi da ma kallo ne sana'arshi. Ba ni jin haushinsu ƙwarai. Ba su da abin yi, gonakin Kurawa da Turba yanzu ba kowa ke iya nisa da gari ya noma su ba, in ba su yi dariya da ni ba da wa za su yi. Amma na gaji da ba da amsa guntu-guntu shayina na hucewa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau guda. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ranshi.

Ci-rani ya kai ni Fatakwal. Na tura baro, na yi gadi, daga baya wani mutumin Isa da ke dafa abinci a jirgin ruwa ya yi min hanya aka ɗauke ni shara da goge-goge. Jirgin na masu neman mai ne a ƙarƙashin teku. Ba haƙa yake yi ba, saurare yake yi. Yana jan wasu tukwanen ƙarfe a bayanshi cikin ruwa, ana ce musu bindigogin iska. Su saki ƙara, ƙarar ta sauka ta bugi ƙasa ta dawo, injuna su rubuta. Kafin ka gama Fatiha sun buga sau biyu, kuma haka za su yini. Kana alwala ruwan cikin buta na rawa. Wannan kai da ke sama ke nan, ba wanda ke cikin ruwan ba.

Waɗanda ke cikin ruwan su ne dalilin aikina. Mutanen jirgi na ce wa dabbar wel. Ni a bakina shanun teku ne, don siffar kifi kawai gare su: iska suke shaƙa, haihuwa suke, suna shayarwa, kamar ayu. Babbar ta kai tirela. Suna zuwa ruwanmu daga kudu mai nisa daidai lokacin da gero ke fidda kai a gida, su haihu, su yi rainon 'ya'ya har su yi ƙwari, sannan su koma. A cikin ruwan nan ido ba shi da nisa, da kunne suke rayuwa, da sauti uwa ke kiran ɗanta. Shi ya sa ba a barin irin wanga jirgi ya yi aiki sai da masu tsaro a sama, suna duba ko akwai dabba kusa, suna kuma rubuta abin da suka gani.

Wata safiya ina goge ƙarfen matakala kusa da inda masu tsaro ke tsayuwa, na ce a ƙasan maƙoshi, "Ga wani can kuma." Wata mata mai hular kwano da madubin hangen nesa a wuya ta juyo, ta dubi tsagen fuskata, ta ce da Hausa tsantsa, "Kai Bagobiri, wa ya kawo min bawana tsakiyar teku ba da izinina ba?"

Na gane Bayarbiya ce tun kafin ta rufe baki. Na ce, "Ranki ya daɗe, sawun wata baiwata na biyo, an ce min ta gudo nan."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙarfe. Ita ce Dakta Bisi, haihuwar Ƙauran Namoda, ubanta ma'aikacin reluwe ne. Ita ce mai lissafin duk abin da masu tsaro suka rubuta, ta shigo jirgi na mako biyu ta ga yadda ake aikin.

"Mi ka gani?"

"Hayaƙi. Ƙarƙashin gajimaren can mai baƙin ciki. Biyu ne, babba da ƙarami."

Ta ɗora madubi, ta daɗe, har na fara tunanin na jawo wa kaina. Can ta sauke ta ce, "A ina ka samo wannan idon?"

Wajen kiwo na samo shi. Tun ina shekara bakwai ubana ya haɗa ni da shanun maƙwabcinmu, Baffa Jaɓɓo, Bafulatanin Kurawa. Wanda ya yi shekaru yana neman kan saniya guda a ƙarshen fadama, rana na dukanshi a fuska, feshin numfashin dabbar da ta kai tirela ba zai ɓace mishi ba. Kafin shekara ta zagayo Dakta ta sa an yi min horo an ba ni takarda, na aje tsumma.

Kayan aikin ba su da yawa. Madubin hangen nesa, agogo mai nuna daƙiƙa, oba-oba ta kiran ɗakin injin, allon katako mai maƙale takarda, da fensir. Fensir, ba biro ba, don ruwan gishiri na taɓa tawada ta zama shuni. Sai sandar auna nisa, wadda kowa ke sassaƙa tashi daidai tsawon hannunshi da tsayin wurin da yake tsayuwa. Ka miƙe hannu, ka daidaita kanta da inda sama ta haɗu da ruwa, ka duba a tsaga ta nawa dabba take, ka san nisanta. Takardu iri biyu ne. Ta farko ta tsayuwa: yaushe ka fara kallo, yaushe ka daina, ruwa kwance yake ko yana tashi, rana na kashe ido ta wane gefe, bindigogi na bugawa ko sun yi shiru. Ta biyu ta gani: wace dabba, guda nawa, nisa nawa, mi take yi.

Awa biyu kake tsaye, ba zama, ba waya, ba hira. Ka raba ruwan gida-gida da ido, daga hagu zuwa dama, ka dawo, ka sake. Bayan rabin awa ido ya fara yi maka ƙarya, kowane farin kumfa ya zama feshi, kowace inuwar gajimare ta zama bayan dabba. Sai ka yi kwana huɗu ba ka ga ko tsuntsu ba, a na biyar ka sunkuya ɗaure takalmi abu ya wuce. Hasken rana da ke tashi daga ruwa shi ya ci min idon dama, yanzu in mutum ya tsaya ta wannan gefen sai ya yi magana nake sanin ko waye. Wannan shi ne kallon ruwan da kuke son a nema muku.

Kallo kuwa rabin aikin ne. Rabin na biyu Dakta ta koya min shi a ɗakin cin abinci, da ƙullin gyaɗa.

"Bawana, saniya na kiwo bakin hanya, babur ya wuce, ta zabura. Babur ne ya zaburar da ita?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma ƙuda ne ya cije ta daidai lokacin."

"To yaya za ka sani?"

"Sai na san saniyar. Akwai wadda ko kara ya faɗi sai ta zabura, akwai wadda ko tsawa aka yi ba ta ɗaga kai."

"Shi ke nan, ka gama jami'a. Abin da na yi shekaru ina karantawa ke nan, ashe a Kurawa kyauta ake ba da shi."

Ta ce duk lissafinta a kan abu guda ya tsaya: ba ka iya cewa ƙara ta canza halin dabba sai ka san halinta lokacin da ba ƙara. Don haka ana son a san yadda take kafin a buga, da lokacin da ake bugawa, da bayan an daina. In ka samu dabba ta tsaya a ganinka, ka bi ta da agogo: sau nawa ta fesa kafin ta nutse, minti nawa ta yi a ƙasa, ta miƙe hanya ko tana yawo. Ita Dakta sai ta jera waɗannan ta nemo inda tsarin ya karye, ta duba ko karyewar ta zo daidai da ƙara, ko kuwa irin karyewar da ke zuwa ko yaushe ce. Dabba guda ba ta isa hujja ba, ko goma. Kuma dabba guda da ka gani sau goma ba goma ba ce, guda ce mai son jirginka. Ranar da ruwa ke tashi ana gwada ta da ranar da ruwa ke tashi, don in ba ka ga komi ba cikin igiyar ruwa, ba lallai ba su nan ba, kumfa ne ya rufe su. Na kusa da bindigogi daban, na nesa daban. Ta tara gyaɗa tsibi biyu, ta ce wanga na lokacin shiru, wanga na lokacin ƙara, aikinta ta faɗi ko bambancin tsibin na gaske ne ko sa'a ce ta kawo shi. Ta ce, "Duk abin da ka gani ka rubuta." Na ce to. Na ji da kunnena, ba za ni ce ba a gaya min ba.

Masu jirgi su ne abokan cinikinmu, kuma ba su son mu. Ba mugaye ba ne, mutane ne da aka ba aiki da wa'adi. In dabba ta shigo cikin mita ɗari biyar kafin a fara bugu, mai tsaro na da ikon cewa a dakata. Rana ta farko da na danna oba-oba na faɗi haka, wakilin kamfani da ke cikin jirgi, Manaja muke ce mishi, ya hau matakala da kanshi yana haki. Ya karɓi madubina ya duba ya ce bai ga komi ba. Na ce ya jira. Ya ce jirgi guda da mutum sittin na jiran wanda jiya-jiya yake goge masai. Na ce ya ƙara jira. Dabbar ta taso kusa har muka ji warin numfashinta, wari kamar na daddawar da ta lalace. Ya miƙo min madubi ya sauka. Daga ranar ba ya amsa gaisuwata, amma bai sake hawowa ba.

Wannan daminar ce ta farko da aka bar ni ina tsayuwa ni kaɗai, tafiya uku a jere. Mu uku ne masu tsaro. Oga Tamuno, babbanmu, ɗan masunta ne, mutum mai haƙuri, in ya sauka ni ke hawa. Na ukun wani mai digiri ne da teku ta ƙi jininshi, rabin tafiya a kwance ya yi ta da bokiti a gefen gado. Mafi yawan awanninshi ni na tsaya mishi. Ke nan takarduna sun fi na kowa yawa.

Wata la'asar, bindigogi na aiki, na hango uwa da ɗanta a gefen dama, tsaga ta uku a sandata. Ɗan sabon haihuwa ne, fatarshi ko duhu ba ta gama yi ba. Na bi su da agogo kusan awa guda. Uwar ta zagaya ta sa jikinta tsakanin ɗan da jirgi. Feshinta gajere, a jere a jere, ba irin na mai hutawa ba. Ta miƙe hanya guda ba karkata, ɗan na baya yana tasowa sau uku kafin ita ta taso sau guda, ta dakata ya cim mata, ta sake miƙewa. Duk wanda ya taɓa kora saniya mai sabon maraƙi daga gobarar daji ya san wannan tafiyar. Na cika takarda gaba da baya. Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba a daminar nan, kuma ban bar ko guda ban rubuta ba.

Ga inda na ɓata. Jirgin layi-layi yake bi, kamar mai huɗa da shanu. In ya kai ƙarshen layi sai a kashe bindigogi, ya ɗauki awanni yana juyawa, don abin da yake ja a baya dogo ne ƙwarai. A wannan shirun, in ruwa ya kwanta, sai ka hango su can nesa, uwa kwance a saman ruwa kamar gungumen icce, ɗan na shiga ƙarƙashinta yana fitowa ta ɗaya gefen. Wani lokaci biyu, wani lokaci har huɗu a warwatse. Ni kuwa in na ga haka sai in ce tubarkalla masha Allah, in kau da ido zuwa wani gefen ruwan, in ci gaba da tsaro.

Ban zauna na yanke shawarar ɓoye komi ba. Hannuna ne kawai bai tafi wajen fensir ba. Ina yaro na taɓa tsayawa bakin garke ina nuna sababbin maruƙa da yatsa ina ƙirgawa da ƙarfi, Baffa Jaɓɓo ya zabga min tsumagiya a ƙafa, ya ce ba a ƙirga dabba mai lafiya da baki, ba a tsura wa mai jego ido, haka ake jawo mata kambun baka. Kuma da yamma in mun dawo ya tambaye ni shanu, ba ya son jin labarin waɗanda suka yi kiwo lafiya. Wadda ta yi ɗingishi, wadda ta ƙi ci, wadda ta ware daga garke, su ake faɗi. Da wannan tarbiyyar na hau jirgi. Dabba a firgice labari ce, sai in rubuta. Dabba a kwance da ɗanta, sai in yi mata addu'a in bar ta. Takardar tsayuwa kuwa ina cika ta tsaf: na fara ƙarfe kaza, na gama ƙarfe kaza, bindigogi shiru. Duk wanda ya karanta zai ce na yi awannin nan ina kallo, teku wayam. Oga Tamuno na duba takarduna duk yamma, ya ga rubutu a tsabtace, ya sa hannu.

Bayan an gama aikin da wata biyu aka kira ni ofishin Dakta a Fatakwal, da hantsi. Na iske Oga Tamuno zaune, da Manaja yana murmushi, abin da ban taɓa gani ba. Har hannu ya ba ni. Dakta ba ta tsokane ni ba da na shiga, nan na fara jin ba lafiya.

Ta juyo min da kwamfuta, ta ga ban gane zanen ba, ta bari. Ta ce, "Malam Ilu, zauna. Takardun Oga Tamuno na nuna an fi ganin masu 'ya'ya lokacin shiru, in an fara bugu su ragu. Amma nashi kaɗan ne. Naka sun fi yawa, kuma naka sun nuna akasin haka. Lokacin ƙara kana ganinsu, lokacin shiru kusan babu. In na haɗa duka, naka sun danne nashi, lissafi zai ce ƙara ba ta korar su daga wurin."

Manaja ya ce da Turancinshi ai shi da ma ya sani, kuma ga shi daga hannun wanda ya fi kowa ido. Ya ce irin wanga ma'aikaci suke so, badi ma da ni za a tafi.

A lokacin ana maganar ko za a ɗage irin wanga aiki daga watannin haihuwa a maida shi rani. Kamfani ba ya so. Rahoton Dakta na cikin abin da masu ba da izini za su duba. Duk mun san haka a ɗakin.

Ta koma Hausa, wadda daga ni sai ita ke ji. "Bagobiri, ba zarginka nake ba. Mai yiwuwa haka abin yake, dabba ba ta karanta littafina ba. Tambaya guda za ni yi maka. Lokacin shiru, da gaske ba ka ganin komi?"

In na ce e, magana ta ƙare, ba mai iya ƙaryata ni, ni kaɗai ke sama a awannin nan. Na dubi Manaja yana wasa da makullin mota. Na ce, "Ina gani."

"Da yawa?"

"Sun fi na lokacin ƙara."

"Ina suke a takarda?"

"Ba su ciki. Kwance suke suna shayarwa, Dakta. Ba a ƙirga mai jego."

Ta cire tabarau ta aje a kan tebur. Ta girma cikin Fulanin Ƙaura, ba sai na yi mata bayani ba. Ta ce, "Laifina ne rabi. Na ce ka rubuta duk abin da ka gani, ban tambaye ka mi kake kira gani ba."

Na ce ai gyara mai sauƙi ne, a ba ni fensir. Ina riƙe da su a ka. Na fara jero mata: mai tsage a wutsiya ta hagu, ranar Talata bayan azahar, tafiya ta biyu, ɗanta na gefen dama. Mai farin tabo a doro, ranar da injin sanyi ya lalace. Biyun da suka kwanta kai da kai ranar Juma'a. Na kai goma sha wani abu tana saurare. Ban ƙara ko guda ba, Allah shaida.

Ta ce, "Na yarda da kai. Ko a gaban alƙali za ni ce gaskiya ka faɗa. Amma ba za su shiga ba."

"Don mi?"

"Don yanzu ka san amsar da nake nema. Ni ma na san wadda nake so. Abin da aka tuno bayan an san amsa ba shi shiga lissafi, ko na waliyyi ne. Ka tuna goma sha, nawa ka manta? Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. In na karɓa daga gare ka yau, gobe Manaja ya kawo nashi mai tsaron ya tuno mishi abin da yake so, da wane baki za ni hana?"

"To a bar na lokacin ƙara, waɗannan ai daidai suke. Uwar nan da na bi awa guda."

"Da wa za ni gwada ta? Ka kawo min saniya a guje, ba ka kawo min yadda take tafiya ran da ba a kore ta ba. In na cire rabi na bar rabi, na zaɓi abin da nake so ke nan. Duka za su fita, Malam Ilu. Tafiya ukun."

Sannan ta juya ta faɗa wa Manaja da Turanci. Murmushin ya tafi. Ya ce takardu ne masu sa hannu, ba wanda ya isa ya jefar da su don ma'aikaci ya canza magana. Ta ce sunanta ne zai hau rahoton, ba nashi ba. Da muka fito, Oga Tamuno ya dafa min kafaɗa ya ce da na yi shiru da na ci abinci, amma da bai sake barin in tsaya mishi ba.

Abin da ya rage bayan an fidda nawa, takardun Oga Tamuno ne da 'yan kaɗan na mai bokiti. Dakta ta juya su ta kowace hanya da ta sani. Sun karkata inda muke zato, amma ba su kai ta iya rantsewa ba sa'a ce ta kawo karkatar ba. Haka ta rubuta: abin da aka tara bai isa a yanke hukunci ba. Na ce mata wannan ai daidai yake da ba a yi komi ba. Ta ce a'a, ya fi ƙarya, amma ba da nisa ba. Ba a ɗage watannin ba.

Kamfani ya ce ba ya son ganina a jirgi. Ba don na ƙi rubutawa ba, don na faɗa. Dakta ta yi ta bugun waya, abin da ta iya samo min shi ne gadin ƙofar filin da ake tara kayan jirgi, kafin ta samu wani jirgin da zai karɓe ni, kuma hakan sai da ya ɗauki shekara. Na sake hawa, na yi shekaru ina rubuta mai gudu da mai kwance, har da kunkuru. Amma daminar da na fi kowa ganin abin da ake nema, ita ce babu ita a lissafin kowa.

Ranar da jirgin zai fita aikin shekarar da ta biyo, ina bakin ƙofa da rigar gadi. An bugo min daga gida ana cewa gero ya fara fidda kai. Motar ma'aikata ta taso daga cikin fili za ta tashar jirgi. Oga Tamuno na gaba, a bayanshi wani magidanci mai gilashi da sabon madubi a wuya, wanda aka ɗauka a gurbina. Na ɗaga hannu direba ya tsaya. Na leƙa taga na ce wa mutumin, da ɗan Turancin da nake da shi, in an kashe bindigogi ya duba da kyau, zai ga masu 'ya'ya kwance, ya rubuta su, ya bi su da agogo ko ba su motsa ba, su aka fi bukata.

Ya dubi rigata, ya dubi Oga Tamuno. Ya ce ya sani, yana cikin takardar horo, shafi na biyu.

Na ce e, ni ma an karanta min shafin.

Direba ya danna ham. Na janye ƙofa suka wuce, na maida ita na sa sakata.